Martani: Wannan Dariyar Ba Shiririta Ba Ce

Marubucin da ya ce labaran barkwancin Ingila shiririta ce zalla, da alama bangon littattafan kaɗai ya leƙa.

Ya kamata ya nemi The History of Mr Polly na H. G. Wells, wanda ya fito a 1910. Polly ɗan tireda ne. Shekara 15 yana zaune da matarsa Miriam ba so ba ƙauna, kanti ba ciniki, bashi har wuya. Ya cinna wa kantin wuta da niyyar kashe kansa, sai ya shagala, ya ɓige da ceto wata tsohuwa kurma daga gobarar. Gari ya ɗauke shi gwarzo! Wells kansa ya yi yaron kantin yadi a Southsea, ba labari aka ba shi ba.

Ga kuma Pooter na The Diary of a Nobody na 1892, akawu mai son a san da shi. Ya halarci liyafar Magajin Garin Landan, jarida ta tsallake sunansa. Da ya yi ƙorafi, ta buga sunan a karkace.

Marubucin ya koma ya karanta, sannan a yi magana.