Duniya Ina Labari: Kirsimatin Yahudawan Amurka a Gidan Silima

Ranar 25 ga watan Disamba unguwannin birnin Niyok sukan yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kantuna a rufe, ofisoshi a rufe, Kiristoci kuwa kowa ya koma cikin iyalinsa bayan an taso daga coci. To, amma idan mai karatu ya bi ta ƙofar gidan silima da azahar ɗin wannan rana, zai tarar da layi: uba da uwa da 'ya'ya, wani lokaci har da kaka tana dogara sanda, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Da yawa daga cikinsu Yahudawa ne, waɗanda ba su da salla a ranar, amma hutu ya same su kamar yadda ya sami kowa.

Asalin al'amarin ya faro ne daga Gabashin Turai. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa kimanin miliyan 2 suka yi ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu daga ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarkin Rasha. A can inda suka baro, daren Kirsimati dare ne na fargaba, saboda haka sai a kulle ƙofa a yi ta karta har barci ya zo. A Amurka babu mai hana su fita, sai dai ina za su? Wurare biyu ne ke buɗe: gidan silima da gidan abincin Sinawa. Sinawan maƙwabtansu ne a kudancin tsibirin Manhatan, su ma baƙi ne, yawancinsu kuma ba Kiristoci ba. Bugu da ƙari ba su cika girki da madara ba, ga shi shari'ar Yahudawa ta hana haɗa nama da nono. Naman alade da ake yankawa ƙanana a ɓoye cikin abincin kuwa, masu sassauci sukan kau da kai. Al'adar ta yi ƙarfi, har a 2010 da Majalisar Dattijai ke tantance Elena Kagan don zama alƙaliyar Kotun Ƙoli, Sanata Lindsey Graham ya tambaye ta inda ta yi Kirsimati, ta amsa da cewa kamar kowane Bayahude, wataƙila a gidan abincin Sinawa. Zauren ya ɓarke da dariya.

Abin da ke ƙarƙashin wannan raha ba ƙarami ba ne. Yaro ya wayi gari ya ga gidan maƙwabta da bishiya da fitilu da kyaututtuka, ya tambayi ubansa me ya sa nasu gidan babu. Suna da nasu idin na Hanuka mai kwana 8, amma ƙaramin idi ne, kuma wata shekarar yakan wuce tun kafin Kirsimati. Uban ba zai kai ɗansa coci ba, ba ya kuma so ya bar shi a bakin taga yana leƙen murnar wasu. Sai ya saya masa tikiti.

Shekaru da dama abin da tikitin ke kai su gani shi ne James Bond, ɗan leƙen asirin nan na Ingila mai lamba 007, don kuwa a watan Disamba aka fara nuna wasu finafinansa a Amurka: Goldfinger a 1964, Thunderball a 1965, Diamonds Are Forever a 1971. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka shirya su, Harry Saltzman, Bayahuden Kanada ne. Wanda ya rubuta yawancin labaran fim ɗin, Richard Maibaum, Bayahuden Niyok ne, shi kuwa kiɗan nan da kowa ya sani na Monty Norman ne, Bayahuden Landan. Goldfinger ma sai da Isra'ila ta hana nuna shi, da aka ji cewa Gert Frobe, Bajamushen da ya fito a matsayin mugu, ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Nazi. An janye hanin bayan wani Bayahude ya ba da shaidar cewa mutumin nan ya taimake su, shi da uwarsa, lokacin yaƙi.

Fim ɗin 1969, On Her Majesty's Secret Service, a cikin Kirsimati ma labarinsa ya faru, a kan duwatsun Suwizalan, har da waƙar bikin a cikinsa, wadda Hal David ya rubuta baitocinta. Shi ma Bayahude ne, kuma nan ne babban abin mamaki yake. Waƙoƙin da ke cika rediyo da kantuna duk watan Disamba, da yawansu 'ya'yan waɗannan baƙi ne suka tsara su. Sammy Cahn da Jule Styne sun yi Let It Snow a 1945, ana tsakiyar zafi a Kalifoniya. Johnny Marks ya yi ta Rudolph, barewar nan mai jan hanci, wadda Gene Autry ya rera a 1949. Wanda ya saurare su da kyau zai ji ba ruwansu da haihuwar Annabi Isa. Ƙanƙara ce, da murhu, da begen gida. Wasu malaman Kirista suna kukan an mai da idi kasuwa, kuma kukansu yana da hujja. Sai dai marubutan ba su yi wa kowa ƙarya ba, sun rera abin da za su iya rerawa ba tare da sun bar addinin iyayensu ba.

Uban tafiyar shi ne Irving Berlin, wanda aka haifa a daular Rasha a 1888, aka kawo shi Niyok yana ɗan shekara 5. Ubansa mai jan waƙar ibada ne a majami'ar Yahudawa. Shi ne ya yi White Christmas, wadda Bing Crosby ya fara rerawa a rediyo ranar Kirsimatin 1941, mako biyu da 'yan kwanaki bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor. Sojojin Amurka da ke fagen daga suka yi ta roƙon a sa musu ita, faifanta kuma ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a tarihi. Waƙar ba ta da annashuwa irin ta sauran, a hankali take tafiya kamar ta mai kewa. Berlin da matarsa Ellin, wadda 'yar Katolika ce, sun rasa ɗansu namiji tilo yana jariri ɗan mako 3, ranar Kirsimatin 1928.