Hazon da ke cikin hotunan shadda, me yake rufewa?

Duk wanda ke da lambar 'yan kasuwar Zongon Kwatano a wayarsa ya san abin da ke cika masa WhatsApp kowace safiya: shadda, leshi, atamfa, zobban azurfa, takalman fata. A 'yan shekarun nan hotunan sun sauya kama. Za ka ga an matso da kyamara dab da zane, fure ɗaya ya fito tar kamar ka kai hannu ka taɓa, sauran yadin kuwa ya narke ya zama hazo. Matasan da ke ɗaukar hotunan, daga Zongo har nan Houéyiho, sun mai da wannan hazon shaidar gwaninta. Ni kuwa a ganina, in dai hoton kayan sayarwa ne, hazon nan ya fara zama labulen da aibi ke fakewa a bayansa.

Hazon yana da asali a ilimin hoto, ba ƙarya ba ne daga tushe. Idan ka matso da kyamara kusa da ƙaramin abu, wurin da zai fito sarai yana raguwa ƙwarai. A hoton kusa-kusa, wanda masu sana'ar ke kira makro, in abu ya sauka a kan sansar kyamara daidai da girmansa na zahiri, kaurin wurin da ke fitowa tar bai wuce kusan milimita 1 ba, ko da an tsuke ƙofar haske zuwa f/8. Shi ya sa in ka ɗauki zobe, dutsen zai fito, zanen gefensa ya dushe.

Maganin wannan matsala ya haura shekara ɗari. Wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor Scheimpflug, ya yi rajistar dabararsa a 1904, kuma har yau da sunansa ake kiran ƙa'idar. Taƙaicenta shi ne, in ka karkata gilashin kyamara kaɗan, wurin da ke fitowa tar shi ma sai ya kwanta. Maimakon ya tsaya a gabanka kamar bango, sai ya shimfiɗu kamar tabarma ya bi fuskar yadin tun daga kusa har nesa. (Abin dariya, shaddar Getzner da muke ji da ita ma daga Ostiriyar take.) Kamfanin Canon ya fitar da irin waɗannan gilasai masu karkata na ɗaukar kusa-kusa har guda uku a 2017, na milimita 50 da 90 da 135, kowanne ya haura dala 2,000.

To ga inda maganar take. Gilashin da aka ƙera domin komai ya fito, in ka juya karkatar zuwa ɗaya ɓangaren sai ya yi akasin haka: ya bar maka siririn layi ɗaya tar, ya dusashe saura. Kamfanin Lensbaby na Amurka tun 2004 a kan wannan salon ya gina kasuwarsa. Daga baya waya ta shigo. Tun da iPhone 7 Plus ta zo da salon dusashe bayan hoto a 2016, sauran wayoyi suka bi sahu, yanzu manhaja ce ke ƙirƙiro hazon da taɓawa ɗaya. Wato mai ɗaukar hoto shi ke zaɓar inda idonka zai sauka, shi ke zaɓar inda ba zai sauka ba.

Ni ba na gaba da wannan salo. Wallahi akwai hotunan da ba za su yi kyau ba sai da shi. Ka ɗauki hannun dattijo mai ɗinkin hula, tsinin allura da zare kaɗai suka fito, yatsun suna dishi-dishi a baya. Ko ƙwayar carbi ɗaya da ta sha hannu har ta yi sheƙi, ko ɓarin goro da jijiyoyinsa, ko tawada ba ta gama bushewa a kan allo ba. Waɗannan abubuwa ne da muke wucewa kullum a Zongo ba mu kalla, kuma matashin da ya iya tsayar da idonmu a kansu ya yi mana aiki. A nan hazo ado ne, ba wanda aka cuta.

Amma hoton shaddar da Hajiya a Kano ko Maraɗi za ta gani ta turo kuɗi, wannan wani abu ne daban. Ita ba za ta murza yadin da yatsa ba, ba za ta ɗaga shi a rana ba. Tun rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, na lura masu saye da yawa sun rage zuwa da ƙafarsu, hoto ya zama idonsu. Kuma abin da mai saye ke buƙatar gani yawanci a gefe yake: bakin zane inda kamfani ke buga suna da lamba, bayan yadi da ke nuna ko rini ya ratsa, ɗinkin da ya haɗa fata da tafin takalmi, wurin da aka liƙe zobe. Daidai wuraren da hazon ke cinyewa ke nan.

Na san amsar da za a ba ni. "Ai Malam, kowa haka yake yi, manyan kamfanoni ma haka suke talla, in hoto bai yi kyau ba wa zai tsaya?" Gaskiya ne, kuma yawancin yaran nan ba da niyyar ha'inci suke yi ba, kwaikwayo ne kawai. Sai dai babban kamfani yana da shagon da za a mayar masa da kaya. Ɗan Zongo kuwa sunansa ne jarinsa, da shi yake karɓar kaya bashi a Dantokpa, da shi ake turo masa kuɗi daga garin da bai taɓa zuwa ba. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da haƙƙin mayar da ita in ya gano. Ban ga yadda hukuncin zai sauya don an ɓoye da kyamara maimakon ninke yadi ba.

Ba sai an sayi gilashin dala dubu biyu ba. Ka shimfiɗa yadin, ka riƙe wayar daidai samansa ta fuskance shi sosai, ko ka jingina kayan a allo ka karkata allon har ya daidaita da kyamara. Aikin Scheimpflug ke nan ta hanyar talaka. Ka kashe salon dusashewa, ka bar hasken taga ya shigo ta gefe don saƙar ta fito, ka ajiye kwabon sefa 100 kusa da zobe a san girmansa. Masu cire gilashi daga jikin kyamara suna karkata shi da hannu kuma su yi hattara, ƙurar hunturu da danshin teku na Kwatano ba sa raga wa sansa.

Hoton adon a sa shi a gaba ya jawo ido, ba laifi. Amma a bi shi da na biyu da na uku da komai ya fito, bakin zane da bayansa. Mai saye kuma, in an turo miki fure ɗaya cikin hazo, ki ce a ɗauko miki bakin zanen kafin ki tura ko sisi.