Wally Badarou: Gardamar Masu Son Kiɗa Da Masu Son Waƙa

Kwanan baya muna zaune a teburin mai shayi a nan Zongo bayan sallar isha'i, sai gardama ta kaure tsakanin wasu abokanmu biyu a kan wani ɗan ƙasar nan wanda yawancin ɗalibanmu ba su taɓa jin sunansa ba, wato Wally Badarou.

Ga waɗanda ba su san shi ba, an haife shi a birnin Faris a 1955, mahaifinsa Dokta Daouda Badarou ya taɓa riƙe muƙamin minista tun ana kiran ƙasar nan Dahomey. Sana'arsa kaɗa fiyano mai aiki da lantarki, irin wadda ke kwaikwayon ganga da sarewa da goge duk ita kaɗai. A 1984 ya fito da faifansa mai suna Echoes, kiɗa ne zalla, a ciki ne ake samun "Hi-Life" da "Chief Inspector".

To, abokinmu na farko cewa ya yi mutumin ya yi wa masoyansa rowa. Wai maimakon ya yi ta jero irin Echoes, sai ya ɓuge da yi wa mawaƙa hidima: ga 'yan Level 42 na Ingila, ga Fela Kuti a 1986, ga Salif Keita na Mali da faifan Folon a 1995. A ganinsa, da zarar murya ta shigo, kunne ya bar makaɗi ya koma kan mawaƙi.

Na biyun kuwa dariya ya yi, ya ce kiɗan da ba waƙa ai miya ce ba gishiri, amfaninsa kawai a sa shi a rediyo kafin a karanta labarai. Magana ce mai zafi, amma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Haka aka yi wa Mamman Sani na Nijar: tun 1978 ya ɗauki kiɗan fiyanonsa a kaset, aka yi ta cike gurbin shirye-shirye da shi a rediyo da talbijin, sai a 2013 ne kamfanin Sahel Sounds ya fitar da shi duniya ta ji.

Mu dai a namu ganin, na farkon ya yi tuntuɓe a wajen tarihi. Badarou bai guje wa kiɗa ya koma waƙa ba, domin faifansa na 1980, Back to Scales Tonight, da bakinsa ya rera shi, kuma ya fara aiki da Level 42 tun kafin Echoes. Amma kukan da yake yi na gaske ne. Mu duka mun haddace waƙoƙin marigayi Alhaji Mamman Shata, to mutum nawa ne a cikinmu za su iya kawo sunan mai kalangu ko da guda ɗaya daga cikin makaɗansa? Mun tambayi mutanen teburin wa ya tsara wa Fela faifan Teacher Don't Teach Me Nonsense (sunan da mu malaman makaranta ba mu cika son ji ba), aka rasa wanda ya san Badarou ne, har da shi na biyun.

Abin da ya sa maganar ta dame mu shi ne samarinmu da ke kwana gaban kwamfuta suna haɗa wa mawaƙan biki kiɗa. A sallame su sau ɗaya, waƙa ta zaga wayoyi daga Kwatano har Maraɗi, sunansu ko a ƙarshe ba a ambata. Ɗaya daga cikinsu tsohon ɗalibinmu ne, yana gefe yana sauraro bai ce uffan ba. Da aka matsa masa ya faɗi ra'ayinsa, sai ya ce shi ma ya fara koyon rera waƙa da kansa, don ya gaji da jin kiɗansa a gidan biki alhali ba wanda ya gayyace shi.