Dariya Ba Ta Wanke Batsa: Darasi Daga Wani Fim Na Amurka

Akwai wata magana da ta kama bakin wasu daga cikin matasan marubutanmu, musamman masu sha'awar rubuta barkwanci. Da zarar an yi musu gyara a kan batsa ko rashin tsari sai su ce, "To ai mutane sun yi dariya." Wato a ganinsu dariyar mai karatu ko mai kallo ita ce alƙali, in ta yanke hukunci babu ɗaukaka ƙara. Mu ba mu yarda ba, kuma za mu kafa hujja da wani fim da masu wannan ra'ayi za su ɗauka shaidarsu ce, alhali in an duba shi da idon basira a kansu yake ba da shaida.

Fim ɗin shi ne Strange Wilderness, wanda ya fito a Amurka a watan Fabrairu na 2008. Fred Wolf ne ya ba da umarni, kamfanin Happy Madison na Adam Sandler ya shirya, Steve Zahn ya ja ragama, tare da su Allen Covert da Jonah Hill da Justin Long. Labarin wani ne da ya gaji shirin talabijin na namun daji daga mahaifinsa, ga shi bai san komai game da dabba ba. Da masu kallo suka watse, tashar ta yi niyyar soke shirin, sai shi da tawagarsa ta 'yan shaye-shaye suka nufi ƙasar Ekwado neman Bigfoot, wani dodon almara mai kama da goggon biri, don su ceci abincinsu.

Yaya aka karɓe shi? Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca. A ƙididdigar Rotten Tomatoes kashi 2 cikin 100 ne kawai suka yaba. An kashe masa kimanin dala miliyan 20, abin da ya tara a gidajen sinima bai kai miliyan 7 ba. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ya sami wasu magoya baya masu rantsuwa da shi, suna cewa masu sharhi girman kai ne ya hana su dariya. Wannan rabuwar kai ita ce abin dubawa.

Idan ka saurari masu son fim ɗin, me suke tunawa? Kusan kullum wurare biyu ko uku ne. Akwai inda aka nuna wani kifin shak mai haƙora a waje, aka ɗora masa wata dariyar wauta, ana maimaitawa har mai kallo ya kasa riƙe kansa. Akwai inda mai gabatarwa, cikin muryar masani mai natsuwa, yake sanar da duniya cewa wai dabbar beyar ta samo sunanta ne daga ƙungiyar ƙwallon birnin Shikago. Waɗannan gutsattsarin su ne suka yi ta yawo a hannun jama'a. In ka haɗa su duka 'yan mintuna ne cikin fim na kusan awa ɗaya da rabi. Sauran fa? Maye, da zancen al'aura, da wata fitowa da talotalo wadda ba za mu ɓata takardar wannan mujalla da bayaninta ba. Ashe ko masoyan nasa sun yi tankaɗe da rairaya ba su sani ba. Sun ɗebi tsaba sun bar dusa, sa'an nan suka juyo suna yabon buhun gaba ɗaya.

Me ya sa waɗancan 'yan mintuna suka yi aiki? Saboda a nan ne kaɗai fim ɗin ya san abin da yake kwaikwayo. Shirin namun daji yana da murya tasa, irin wadda Marlin Perkins ya kafa a Wild Kingdom tun 1963, David Attenborough kuma ya kai ta ƙololuwa da Life on Earth a 1979. Murya ce da mai kallo ya saba ba ta amana, duk abin da ta faɗa ya zauna. Ƙarfinta ya kai ga a ranar 1 ga Afrilu 1957 shirin Panorama na BBC ya nuna manoma a Suwizalan suna tsinkar taliya daga bishiya, Richard Dimbleby yana bayani, mutane da dama kuwa suka gaskata. To in ka ɗauki wannan murya mai kwarjini ka cika bakinta da jahilci, dole a yi dariya, kuma dariyar tana ɗauke da tambaya: shin sau nawa muka yarda da magana don kawai an faɗe ta da natsuwa?

A nan ne takaicinmu yake, domin akwai nama a gaban masu fim ɗin suka tsaya gwaguyar ƙashi. Harkar finafinan namun daji tana da abin kunyarta na gaske. A fim ɗin White Wilderness na kamfanin Disney, na 1958, wanda har lambar Oscar ya ci, an nuna wasu ƙananan dabbobi masu kama da ɓera, da ake kira lemin, wai suna faɗawa teku da kansu su mutu. A 1982 wani binciken gidan talabijin na Kanada ya tona cewa masu ɗaukar fim ne suka kai su jihar Alberta suka tura su daga kan gaɓar kogi. A 2011 ma an yi ce-ce-ku-ce da aka gane cewa jariran farar beyar da aka nuna cikin Frozen Planet na BBC a gidan namun daji na ƙasar Holan aka ɗauke su. Strange Wilderness ya ɗan leƙa wannan ƙofa, inda tawagar ta harbe dodon da ta je nema sa'an nan ta shirya ƙarya a gaban kyamara, amma nan da nan ya koma wa shirmensa.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. 'Yan kama sun daɗe suna aron muryar malami mai karatu su yi ta jero zancen tuwo da miya, jama'a na faɗuwa don dariya, kuma ba wanda zai iya haka sai wanda kunnensa ya ƙoshi da karatun malamai. Usman Baba Pategi bai iya fitar da Samanja ba sai don ya yi aikin soja ya san bariki ciki da waje. Kwaikwayon ba'a ilimi yake bukata. Batsa kuwa ba ta bukatar komai, ko yaron da ya koyi zagi jiya zai iya, shi ya sa malalacin marubuci yake gudu gare ta duk lokacin da dabara ta ƙare masa.

Za a ce mana, to ku su wane ne da za ku hana mutane abin da suke so? Ba mu hana kowa dariya ba, kuma ba mu goyi bayan mai sharhin da ke ganin barkwanci ƙaramin adabi ne ba. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san Abubakar Imam ya sa mutane dariya shekaru aru-aru ba tare da ya tuɓe wa kowa wando ba. Mun kuma tuna muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 a kan adabin kasuwar Kano, inda aka yi ta jifan juna da hujjar "abin da kasuwa ke so". To ga kasuwa ta yi magana a kan wannan fim: ba ta mayar masa da ko rabin kuɗinsa ba, abin da ta adana daga cikinsa kuma shi ne ɗan wurin da aka yi aiki da hankali.

Saboda haka, ya kai mai shirin rubuta barkwanci, idan an yi dariya a aikinka kada ka tsaya a nan. Bincika a wane shafi aka yi ta, kuma me ya jawo ta. Sa'an nan ka ɗauki jan biro ka bi sauran shafukan, duk inda ka tarar ka sa batsa don cike gurbi, ka soke, ka koma ka nazarci abin da kake son yi wa ba'a har ka san shi kamar yunwar cikinka. Allah Ya sa mu dace.