Wace lamba ce ba ta jira?

A yawancin asibitocin da muke zuwa koyon aiki, takardar sakamakon gwajin jini a aljihun mai jinya take tafiya. Shi zai kai jinin lab, shi zai biya kuɗi, shi zai koma ya karɓo. In ya tarar an tada sallah, ko ya tsaya sayen kunu a bakin get, sai takardar ta jira shi. Sa'ad da ta iso kuma, nas ce ke fara buɗe ta, sau da yawa da dare, likita ɗaya tal yana zagaya ɗakuna uku ko huɗu. Shi ya sa nake jin haushin maganar nan da wasunmu ke yi a aji, wai fassara sakamako aikin likita ne, namu a maƙala a fayil. Haba 'yan uwa! Gaskiya ne nas ba ta rubuta magani, amma ita ke yanke wa za a taso likita dominsa yanzu, wa zai kai safiya.

Mun iya hadda, wannan ba a ƙwace mana. Tambayi kowa zai zuba maka: sodiyam 135 zuwa 145, fotasiyam 3.5 zuwa 5.0. Abin da ba a cika tambayarmu a jarrabawa ba shi ne, idan takardu huɗu suka zo lokaci guda, kowacce da lambar da ta kauce, gadon wa za ka fara nufa? Ni a ganina ma'aunin ɗaya ne: wace ce za ta fi saurin kashe mutum.

Sukari ne a gaba. Idan ya faɗi ƙasa da 3.9 mmol/L, wato 70 mg/dL, ƙwaƙwalwa ta fara yunwa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Mai hankalinsa a jika masa sukari kamar cokalin shayi uku ya sha, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai ta baki, sai ta jijiya, a kira likita a guje. A kula da yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da wanda ake wa ƙarin kwinin, da mai ciwon sukari da ya yi allurar insulin bai ci abinci ba. Sannan a duba ma'aunin da na'urar ke bayarwa, don akwai masu mmol/L, akwai masu mg/dL, tsakaninsu ninki 18 ne. Lamba 40 a wannan na'ura tana nufin sukari ya yi mugun hawa, a waccan kuma mutum na dab da suma. Ka ga in aka rubuta "40" tsirara a kati, an bar na gaba cikin duhu.

Sai fotasiyam, wanda ni shi na fi tsoro, don ba ya ihu. Mutum na zaune yana hira da 'yan dubiya, nasa ya kai 6.5, zuciya na shirin rikicewa. Mai ciwon ƙoda shi ne kan gaba a wannan hatsari. Abin da ke hannunka: ka je ka gan shi, ka ji bugun jijiyarsa, ka dakatar da duk ruwan da aka sa wa fotasiyam, a yi ECG in akwai, ka kira likita nan take, ka tanadi kalsiyam gulukonet da insulin da gulukos kafin ya iso. Amma fa akwai tarko. Idan an daɗe da ɗaure hannu wajen ɗibar jini, ko an girgiza kwalbar, ko ta yi sa'o'i a aljihu cikin zafin nan namu, jajayen ƙwayoyin jini kan saki fotasiyam ɗin da ke cikinsu, lamba ta hau a banza. To me za a yi? A sake ɗiba da gaggawa, amma kafin sabon ya fito a ɗauki na farkon da gaske. In kuma ƙasa ya yi, kamar bayan amai da gudawa ko yawan shan Lasix, to ko da wasa ba a tura fotasiyam kai tsaye ta sirinji a jijiya. Sai an sirka shi a ruwa ya tafi a hankali.

PCV kuwa kowa ya san shi, har masu jinya. "Sista, nawa ne jinin nasa?" A nan ne lamba ta fi yaudara. Yaro mai maleriya da PCV ɗinsa ya gaza kashi 15, ko haimogulobin ƙasa da 5, maganar ƙarin jini ce, a fara neman masu bayarwa tun kafin a gama rubutu. Amma mai sikila da ya saba yawo da haimogulobin 7, in ka ga 7 a takardarsa ba abin tada hankali ba ne. Tambayar ita ce nawa ya saba, nawa ya sauka, cikin kwana nawa. A ɗaya gefen, matar da ta haihu ɗazu tana zubar da jini, PCV ɗinta na iya fitowa lafiya lau a sa'o'in farko, saboda jiki bai riga ya jawo ruwa ya cike gurbin ba. Bugun zuciyarta da ke ta hawa, da sanyin tafin hannunta, da zanin da ya jiƙe, sun fi takardar gaskiya. Wanda ya tsaya kallon lamba a nan zai yi asarar rai.

Sodiyam da ya yi ƙasa sosai yana kawo ruɗewa da jijjiga, a sanar da wuri, sai dai gyaransa a hankali ake yi, gaggawa na iya lalata ƙwaƙwalwa. Kiriyatinin da ke hawa kuma, ka fara auna fitsari, ka tuna wa likita in majinyacin na kan jentamaisin ko diklofenak.

Yanzu ga abin da ke ba ni dariya da takaici tare. Takardar da ta fi tada hankalin mutanenmu ita ce ta Widal. Da an ga 1/160 sai a ce taifod ya kama shi, 'yan uwa su rufe nas da tambaya, a manta da na gadon kusa da fotasiyam ɗinsa ke 6.8. Alhali Widal guda ɗaya, a ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, ba ya tabbatar da komai. Maleriya ma kan ɗaga shi. Shuka jini a lab a ga ko ƙwayar za ta tsiro shi ne gwajin da ake dogaro da shi. Ko a hostel ɗinmu, nawa ne suka shanye sifro a kan wannan takarda?

Wani zai ce ɗalibi ne ni, in na taso likita ƙarfe biyun dare a kan lamba zai wanke ni tas. Zai iya. Amma yawanci abin da ke jawo faɗan shi ne a ce "Dokta, sakamakon gado na shida ya fito, ba kyau." Gwada haka: "Dokta, gado na shida, mai ciwon ƙoda, fotasiyam 6.8, jiya 5.4 ne, bugun zuciya 52, na tsayar da ruwan, ina so ka zo yanzu." Da wuya a kashe maka waya. Ka rubuta lokacin da ka kira da abin da aka ce. Kuma kafin duk wannan, ka tabbatar sunan da ke takardar na mai gadon ne, don Aisha Muhammad uku a ɗaki ɗaya ba abin mamaki ba ne a nan.

Ku kuma da ke zuwa SIWES a lab ɗin asibiti, rabin aikin a hannunku yake. In kun ga sukari 2.1 ko fotasiyam 7, kada ku ninke takarda ku miƙa wa tsohon da bai san me ke ciki ba. Ku nuna wa ogan lab, a buga waya ɗakin, ko ɗayanku ya taka da ƙafarsa ya kai. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai da ta sashen lafiya su haɗa mana zama guda kafin fita koyon aiki na gaba, a kawo takardun sakamako da aka goge sunaye, a zube biyar a tebur, a ba kowa minti ɗaya ya jera su.