Shin mawaƙan Hausa na buƙatar bikin karramawa nasu na kansu?

A duk shekara miliyoyin mutane kan zauna gaban talabijin domin kallon bikin Latin Grammy, inda ake karrama mawaƙan da ke rera waƙa da harsunan Sifaniyanci da Fotugis.

An fara bikin ne a shekarar 2000 a birnin Los Angeles na Amurka, bayan da masu wannan kiɗa suka ga cewa 'yan gurabun da ake ware musu a babban bikin Grammy sun yi musu kaɗan.

A 2005 aka mayar da shi tashar Univision, aka koma gabatar da shi da Sifaniyanci. Wato dai sun daina jiran wani ya fassara su kafin ya yaba musu.

Wannan ne ya sa ake tambaya ko mawaƙan Hausa ba su kai matsayin yin haka ba.

Akwai bukukuwa irin su Headies, wanda aka fara a 2006, da AFRIMA da aka soma a Legas a 2014, to sai dai ba kasafai ake jin sunan mai waƙar Hausa a manyan gurabunsu ba, ko da kuwa waƙa ce da ta game gari kamar Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020.

Wani ɓangare na matsalar shi ne ƙidaya. Masu tallafa wa irin waɗannan bukukuwa da kuɗi na duba yawan sauraro a intanet da gidajen rediyon birane.

A gari kamar Guri da ke fadamar kogin Hadeja a jihar Jigawa kuwa, waƙa kan yaɗu ne daga waya zuwa waya, ko wajen masu turi a kasuwa. Ana jin ta a gidan biki da bakin kogi, amma babu inda aka rubuta, kuma ko kwabo ba ya isa ga mai ita. Makaɗan noma da na masunta ma ba a maganarsu.

Ba wai Bahaushe bai san karrama mawaƙi ba ne. Sarakuna sun daɗe suna ba da doki da riga da sarauta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, kuma Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya naɗa Naziru Ahmad Sarkin Waƙa a 2018.

Amma irin wannan yabo daga sama yake zuwa, kuma yana tafiya ne da mai bayar da shi. A yau 'yan siyasa ne suka fi kowa ba da mota da gida, shi ya sa waƙar da ta fi kawo kuɗi ita ce ta yabon ɗan takara da zambo ga abokin hamayyarsa.

A Latin Grammy, mambobin ƙungiyar masu sana'ar ne ke kaɗa ƙuri'a, daga mawaƙa zuwa masu haɗa sauti. Ana sukar zaɓin nasu, har wasu masu kiɗan regeton suka ƙaurace wa bikin a 2019, amma ba a fasa ba.

An sha shirya bukukuwan karramawa a Kano da Kaduna da Abuja, galibi a inuwar Kannywood, sai dai da dama kan tsaya da zarar kamfanin da ke ɗaukar nauyi ya janye. Tashar da za ta watsa biki da Hausa ta samu tun da aka buɗe Arewa24 a 2014. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar da mawaƙan birni da na karkara za su amince da hukuncinta, ko da bai yi musu daɗi ba.