Ƙashi ba ya son gaggawa, ko na mai rai ko na kaka-da-kakanni

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan kabu-kabu da ya karye a Maraɗi ko Damagaram ya san gardamar da ake yi a zaure: a kai shi gidan likita ko wajen mai ɗori? Yau ina son mu duba wannan gardama ta wata ƙofa, ƙofar gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, inda ƙasusuwan dinozor suke tsaye.

Filastar da likita ke naɗa wa ƙafa, wani likitan sojan Holan mai suna Mathijsen ya fito da ita a farkon shekarun 1850. Ita ce kuma masu haƙar tarihi suke lulluɓe ƙashi da ita a Gadufawa kafin su ɗaga shi daga rairayi, don kada ya farfashe cikin mota. Manufar ɗaya ce: a hana ƙashi motsi har ya kai inda za a gyara shi.

Akwai kuma abin da ake kira simintin ƙashi. A Ingila, wajen 1960, likita John Charnley ya fara kafa ƙugun ƙarfe cikin ƙashin cinya da wani irin roba da ake kwaɓawa, ya yi zafi, ya daskare cikin mintoci kaɗan. Ba manne ƙashi yake ba, cike giɓi yake tsakanin ƙarfe da ƙashi. A shekarun 1980 aka samo wani na kalsiyom da fosfat, irin sinadarin da ƙashinmu yake da shi, wanda jiki ke ci sannu a hankali yana maye gurbinsa da sabon ƙashi. Su kuwa masu gyaran kayan tarihi sun fi son gam ɗin da ake iya narkarwa a cire, don wanda zai zo bayan shekara 50 ya iya gyara kuskurensu.

To me ya shafe mu? Ƙasarmu ce ma'adanar waɗannan ƙasusuwa. A Gadufawa Philippe Taquet ya haƙo Ouranosaurus a shekarun 1960. Nigersaurus, mai haƙora sama da 500, sunan Nijar yake ɗauke da shi. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno ya ci karo a shekarar 2000 da maƙabarta mai kaburbura wajen 200, ta mutanen da suka yi kamun kifi a bakin tafki tun kusan shekara 10,000 da suka wuce. Cikinsu akwai mace da yara biyu rungume da juna. Da wani ya riga su ya kwashe ƙasusuwan cikin buhu don ya sayar wa baƙo, da ba mu taɓa sanin wannan runguma ba. Ƙashin da aka ɗauke daga makwancinsa ba tare da awo da hoto ba ya rasa rabin labarinsa.

Ƙafar ɗan kabu-kabu ma ba ta son hannun gaggawa. Ban raina masu ɗori ba, sun tayar da mutane da yawa a karkarar da ba likita. Amma idan ƙashi ya huda fata, ko karayar ta shiga gaɓa, ko yatsu suka yi sanyi suka fara baƙi bayan an ɗaure, wallahi kara da tsumma ba su isa ba. Ɗaurin da ya yi tsauri yana tare jini, nama ya mutu, ƙarshenta a yanke ƙafar da hoton radiyo guda zai iya cetowa.

Na san amsar da za ku ba ni: kuɗi. Gaskiya ne, ƙarfe da siminti na tiyata daga waje ake sayo su, talaka kuma yana lissafin jikkunan da ke aljihunsa. Shi ya sa magana ta koma kan hukuma. Muna bukatar likitocin ƙashi da na'urar hoto mai aiki a kowace jiha, da hanyar da mai ɗori zai tura abin da ya fi ƙarfinsa ba tare da jin kunya ba. Muna bukatar ɗakin gyaran ƙasusuwan tarihi a nan gida, da ƴan jami'ar Abdou Moumouni da suka iya aikin, don kada kullum sai an kai kayanmu Shikago ko Paris kafin a san sunansu.

Namu rabon ba shi da wuya. In ka tsinci tsohon ƙashi ko tukunya a daji, ɗauki hoto, ka bar shi inda yake, ka shaida wa hukuma. In ɗan uwanka ya karye, a tallafe wurin kada ya motsa, a fara da hoton radiyo kafin komi.

Ku gaya mana, a unguwarku ina ake fara kai wanda ya karye, kuma don me?